Darasin Kasuwanci: Abin Da Mai Kiwo Zai Yi Idan Kaza Ta Mutu Farat Ɗaya

Kiwon kaji a bayan gida yana daga cikin ƙananan sana'o'in da suka fi yaɗuwa a Birnin Tarayya da kewayensa. Tun daga lokacin da gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba na shekarar 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta cika garuruwan gefe irin su Kubwa da Nyanya da Karu da Lugbe da Kuje da Gwagwalada, kuma da yawa daga cikinsu sun keɓe wani lungu na gida sun kafa akurki. Wani kaji goma na gida gare shi, wani kuma hamsin ko ɗari na turawa masu ƙwai ko na nama, waɗanda da kuɗinsu ake cike giɓin albashi, a biya kuɗin makaranta, a zuba adashi.

Babu mai wannan sana'a da zai daɗe bai wayi gari ya tarar da kaza a sandare ba, alhali jiya da yamma lafiya lau take tsattsaga. Abin da aka saba yi shi ne a ce Allah ya mayar da alheri, a jefar da gawar a bola, a ci gaba da harkoki. Darasinmu na wannan mako shi ne cewa kazar farko da ta mutu ita ce gargaɗi mafi araha da mai kiwo zai samu, kuma abin da ya aikata cikin awa 24 da ganinta shi ne yakan raba tsakanin asarar kaza ɗaya da asarar jari gaba ɗaya.

Lissafin asarar

Kafin a yi maganar cuta, ya kamata ɗan kasuwa ya san girman abin da ke cikin hatsari. Kazar turawa mai ƙwai ba ta fara saka sai ta kai mako 18 zuwa 20, kuma kafin ƙwanta na farko takan ci abinci kusan kilo 7, ban da kuɗin sayenta tana 'yar tsako da na rigakafi da na ɗumama ɗaki. Idan ta kama saka, takan ci kimanin giram 110 zuwa 120 a kullum, ta ba da ƙwai wajen 280 zuwa 300 a shekara idan ta sami kulawa. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a tsakiyar shekarar 2023 farashin masara da waken soya, waɗanda su ne ginshiƙin abincin kaji, ya sa kowace kaza ta zama jari mai nauyi fiye da yadda take a da.

Alal misali, mu ɗauka wata ma'aikaciya a Kubwa tana da kaji 50, kuma mu ƙaddara cewa kowace ta ci mata naira 10,000 kafin ta fara ƙwai. Wannan adadi na misali ne kawai, mai karatu sai ya sa nasa a gurbinsa. Jarinta ke nan naira 500,000. Idan 40 daga cikinsu suna saka a kullum, tana samun ƙwai 280 a mako, watau kiret 9 da ɗoriya. Mutuwar kaza ɗaya kashi 2 cikin ɗari ne na jarin, kuma wannan asara ce da aka san da ita, domin ko a gonar da aka fi kulawa masu kiwo sukan yi kasafin rasa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a shekarar saka. A garke irin nata, kaji uku zuwa biyar ke nan a shekara.

Amma idan wannan kaza ita ce farkon annoba, kuma 40 suka bi ta cikin mako guda, to, naira 400,000 sun tafi, sa'an nan ga wata biyar da za a yi ana ciyar da sababbin 'yan tsaki ba ko ƙwai ɗaya da ke shigowa. Saboda haka tambayar da ke gaban mai kiwo da safiyar nan guda ɗaya ce: wannan mutuwa ta kaza ɗaya ce, ko kuwa ta garke ce ta fara?

Abubuwan da ke kashe kaza farat ɗaya

Akwai mutuwar da ba ta wuce kan wadda ta mutu. Kajin nama masu saurin girma, musamman zakarun cikinsu, zuciyarsu takan gaza, a tarar da su a rigingine ƙafafu sama, kuma sau da yawa waɗanda suka fi ƙiba ne abin ke samu. Kaza mai saka kuma ƙwai yakan maƙale mata ko ya fashe a ciki, ko kitse ya rufe hantarta har ta tsage. Ga kuma saran maciji da maganin ɓera da aka ajiye inda kaza za ta kai. A irin wannan hali sauran kajin za a ga suna ci suna sha kamar kullum.

Zafi ma babban makashi ne. Zafin jikin kaza yana wajen digiri 41 a ma'aunin Selshiyos, ba ta kuma yin gumi, da haki take sanyaya jikinta. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Gwagwalada da Abaji kan doshi digiri 40, ɗakin kwano mai ƙarancin iska yana iya kashe manyan kaji tsakanin azahar da la'asar, musamman idan ruwan sha ya yanke ko ya yi zafi a cikin mazubi.

Sai kuma abinci. Masara ko tunkuzar gyaɗa da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ake kira aflatoksin, wadda masana suka gano bayan da ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila cikin shekarar 1960, sanadiyyar tunkuzar da aka shigo da ita daga Brazil. Buhun abincin da aka jingina da bango mai laima a damina yana iya zama guba ba tare da mai shi ya lura ba. Haka nan dusar katako da ta jiƙe a ƙasan ɗaki ita ce matattarar cutar zawon jini, wadda ta fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6.

Waɗanda suka fi ban tsoro su ne cututtuka uku masu yaɗuwa. Ta farko cutar Niyukasil, wadda aka fara ganewa a tsibirin Jaba na Indunusiya cikin shekarar 1926, aka kuma raɗa mata sunan wani gari na Ingila inda ta ɓulla a daidai wannan lokaci. A Nijeriya an fara rubuta ɓullarta a yankin Ibadan a ƙarshen shekarar 1952, kuma har yau ita ce ta fi kashe kajin gida, musamman a lokacin hunturu. Alamunta su ne koren zawo da numfashi da ƙyar da karkacewar wuya da raguwar ƙwai, kuma a garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya share kusan kowace kaza. Ta biyu cutar Gumboro, mai sunan wani ƙauye a jihar Delaware ta Amurka, wadda ke kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6 da farin zawo, ta kuma raunana garkuwar jikin waɗanda suka tsira. Ta uku ita ce murar tsuntsaye, wadda kan kumbura kai, ta sa zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu su yi jaja-jaja, wani lokaci kuma ta kashe ba tare da wata alama ba.

Abin lura a nan shi ne, ko likitan dabbobi ba ya iya rarrabe Niyukasil da murar tsuntsaye da ido kawai, sai an kai samfuri ɗakin gwaji. Dukkansu biyun kuma ba su da magani, don haka kuɗin da ake kashewa kan kafso da barkono da sassaƙe bayan sun shiga garke ƙarin asara ne a kan asara.

Awa 24 na farko

Mataki na farko shi ne ɗauke gawar nan take. A sa safar hannu, ko a sa hannu cikin leda, a ɗauke ta a ƙulle cikin leda biyu, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Kada a bar yara su taɓa ta, kada a ba kare ko kyanwa, kada kuma a jefa ta bola ko kwata, domin daga nan ne karnuka da ungulu ke kai cutar gidan maƙwabci.

Na biyu, a tsaya a dubi sauran kajin na ɗan lokaci. A lura da wadda ta takure, da wadda ke haki ko tari, da launin kashinsu, da yawan abinci da ruwan da suka rage daga na jiya, da adadin ƙwan da aka tsinta. Duk wadda ba a gamsu da ita ba a ware ta nesa da sauran, a ba ta nata mazubin ci da sha.

Na uku, a rufe ƙofa. Kada kaza ko ƙwai ko taki su fita, kada sabuwa ta shigo, kada dillali ko mai kawo abinci ya taka cikin ɗakin, har sai an san dalili. A ajiye takalmi guda na shiga akurki kaɗai, da kwanon maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa.

Na huɗu, a nemi likitan dabbobi a ranar. Fiɗar gawa tana ba da amsa ne idan an yi ta kafin gawar ta fara ruɓa, don haka a sanyaya ta da ƙanƙara a cikin wani mazubi dabam, nesa da abincin iyali, amma kada a daskarar da ita. A Birnin Tarayya akwai sashen kula da lafiyar dabbobi a ƙarƙashin sakatariyar da ke kula da aikin gona, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Abuja, ga kuma likitoci masu zaman kansu. Idan ana zargin murar tsuntsaye, akan aika samfuri zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki a can tun shekarar 1924. Murar tsuntsaye tana cikin cututtukan da wajibi ne a sanar da hukuma ɓullarsu, kuma Dokar Kula da Cututtukan Dabbobi ta shekarar 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ita ce ke tafiyar da wannan al'amari.

Na biyar, idan ba za a kai gawar gwaji ba, a ƙone ta ƙurmus ko a binne ta a rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, nesa da rijiya.

Idan kaza ɗaya ce ta mutu, sauran kuma lafiya lau bayan kwana uku zuwa mako guda, mai yiwuwa ne abin ya tsaya a kanta. Idan kuwa biyu ko uku suka mutu cikin kwana biyu, ko ƙwai ya ragu farat ɗaya, to, a ɗauke shi annoba ce har sai gwaji ya nuna ba haka ba.

Akwai al'ada guda da ya kamata a yi magana a kanta a fili. Sanin kowa ne cewa mushe haramun ne, shi ya sa da zarar an ga kaza tana layi sai a yi maza a sa mata wuƙa don kada a yi asarar nama. Yanka yana fitar da ita daga hukuncin mushe, amma ba ya fitar da cutar daga jikinta, kuma fiɗa da figar kazar da ke ɗauke da murar tsuntsaye suna daga cikin manyan hanyoyin da mutum ke kamuwa. A watan Janairu na shekarar 2007 wata matashiya mai shekara 22 ta rasu a Legas, kuma gwaji ya tabbatar da cewa murar tsuntsaye ce ta yi ajalinta. Duk wanda ya taɓa kaji marasa lafiya sa'an nan zazzaɓi da tari suka kama shi, ya je asibiti ya faɗa wa likita abin da ya taɓa.

Darasin shekarar 2006

Ran 8 ga watan Fabrairu na shekarar 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a gonar kaji a nahiyar Afirka. Kaji kimanin 40,000 suka mutu a gonar, kuma sun yi makonni suna mutuwa kafin a gane ainihin cutar. Kafin a shawo kanta a shekarar 2008 ta shiga jihohi 25 da Birnin Tarayya, an kuma hallaka tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya. Jama'a suka ƙaurace wa kaza da ƙwai, kasuwa ta faɗi har ga waɗanda cutar ba ta taɓa gonarsu ba. Ta sake dawowa a shekarar 2015, da kuma 2021.

Abin da ya fi jan hankalin masanin tattalin arziki a wannan labari shi ne batun diyya. Da farko gwamnatin tarayya ta yanka naira 250 a kan kowace kazar da aka hallaka, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba. Mai kiwo da ya ga kajinsa sun fara mutuwa sai ya auna, ya ga ya fi masa riba ya yi shiru ya kwashe sauran ya kai kasuwa da araha, kuma ta haka cutar ta yi ta bin motocin dillalai daga gari zuwa gari. Daga baya, da taimakon rancen dala miliyan 50 da Bankin Duniya ya amince da shi a shekarar 2006, aka ɗaga kuɗin diyyar ya matso kusa da farashin kasuwa. Wani abin lura kuma shi ne, a tsarin da aka bi, kan tsuntsayen da jami'ai suka hallaka ake biyan diyya, ban da waɗanda suka riga suka mutu, watau duk kwanan da mai kiwo ya ƙara yana ɓoyewa, daga abin da zai karɓa yake ragewa.

Gaskiya ne cewa an sha yin jinkiri wajen biyan diyya, musamman bayan ɓullar 2015, kuma bai kamata mai kaji 50 ya gina lissafinsa a kanta ba. Duk da haka sayar da kaji marasa lafiya ciniki ne mai faɗuwa. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa da cuta ya ɓata sunansa a unguwar da a cikinta yake sayar da ƙwai, kuma cutar da ya tura kasuwa ita ce za ta dawo masa a jikin kiret da takalman dillali ranar da ya sake zuba sababbi. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. A harkar kaji akurkin maƙwabci da naka kusan ɗaki guda ne.

Komawa kiwo

Idan annoba ta share garke, kada a yi gaggawar cike gurbi. A kwashe dusar ƙasa a ƙone, a wanke ɗaki da mazubai da sabulu, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ɗakin fayau na aƙalla mako uku. Sababbin 'yan tsaki a saye su daga wurin ƙyanƙyasa sananne wanda zai faɗi rigakafin da aka riga aka yi musu. Kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo kyauta daga ƙauye lokacin salla ko kirsimeti, a tsare ta dabam na mako biyu zuwa huɗu kafin a haɗa ta da na gida. A kuma raba kaji da agwagi, domin agwagwa takan ɗauki cutar ta yaɗa ba tare da ta nuna alama ba.

Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa har a lissafin kuɗi. Cibiyar Vom tana sarrafa rigakafin Niyukasil iri daban-daban, ciki har da LaSota da ake sawa a ruwan sha, da kuma I-2 wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Queensland ta Ostireliya domin kajin karkara, mai jure zafi fiye da sauran, wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata huɗu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne a tabbata an yi ɗaya a watan Oktoba, kafin shigowar hunturu. Kaji masu lafiya ake yi wa rigakafi. A saye shi a inda ake ajiye shi cikin sanyi, a ɗauko shi da ƙanƙara, a yi amfani da shi cikin awa biyu da haɗawa. Mazauna unguwannin da ke shan ruwan famfo na madatsar Usuma su tuna cewa sinadarin kulorin da ake tace ruwan da shi yana kashe rigakafin, don haka a yi amfani da ruwan burtsatse ko na rijiya mai tsabta. Ga garke kamar na misalinmu, kuɗin rigakafin Niyukasil na shekara guda da wuya ya wuce kuɗin kaza ɗaya ko biyu.

Ta fuskar kuɗi kuma, akwai abubuwa uku. Na ɗaya littafi: a riƙa rubuta yawan kaji da ƙwai da abinci da mace-mace da ranar rigakafi a kullum, domin da shi likita zai gane cuta da wuri, da shi kuma banki zai saurari mai neman rance. Na biyu asusun ko-ta-kwana: a riƙa cire kuɗin kiret ɗaya daga kowane goma ana ajiyewa dabam, kada jari duka ya kwana a akurki. Na uku inshora: Hukumar Inshorar Aikin Gona ta Nijeriya, wadda shirinta ya fara a shekarar 1987, tana karɓar inshorar kaji, kuma duk wanda ya ci bashi ya zuba a kiwo ya kamata ya je ya ji sharuɗɗanta tun kafin ya kawo 'yan tsaki. Mai inshora yakan nemi shaidar rigakafi da rahoton likita a kan abin da ya mutu, don haka gawar da aka jefar a bola hujja ce aka jefar.

Iyali da haƙuri

An ce sabo da kaza ba ya hana yankanta, amma duk wanda ya reni 'yan tsaki da fitila cikin sanyin dare ya san mutuwarsu tana taɓa zuciya. A gidaje da yawa kajin na uwargida ne, su ne bankinta, wani lokaci kuma da kuɗin adashi ko na rance ta fara. Bai kamata maigida ya mayar da abin wasa ko ya ɗora mata laifin sakaci ba. Yaron da aka ba kaza ya rena, a faɗa masa gaskiya cewa ciwo ne ya kashe ta, a nuna masa dalilin wanke hannu, a kuma bar shi ya yi baƙin cikinsa. Haka nan a guji saurin zargin maƙwabci da sa guba ko baki, domin zumunci da yawa ya lalace a kan mutuwar da fiɗar minti ashirin za ta nuna cewa zawon jini ne ko zafin rana.

Mai bin bashi kuma a je masa tun da wuri da littafi da rahoton likita a hannu, a nemi ƙarin lokaci. Wanda ya zo da bayani yakan sami sassauci fiye da wanda aka nemo.

Tun a yau, kafin wani abu ya faru, mai kiwo ya rubuta lambar likitan dabbobi mafi kusa da shi a bangon akurki, ya ajiye safar hannu da leda da maganin feshi a inda hannunsa zai kai, ya kuma duba littafinsa ya ga ranar da ya yi rigakafin ƙarshe.